Rigar da Muka Ɗinka wa Masallaci

Kakata Ya Falmata ba ta fara tatsuniya sai kowa ya suɗe kwanonsa. A tsakar gidanmu na Gure muke kewaye murhu bayan tuwon magariba, ta tura itace da ƙafa, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Gab da damina ake yaɓen masallacin unguwarmu, ginin ƙasa ne tun na kakannin Ya Falmata. Maza su kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, mata su jido ruwa daga kwari, a shafe bangon da hannu. Ni dai na tsani aikin nan, kuma ba na ɓoyewa.

Ranar da na cika mita, sai ta ba mu labarin wata mata da ta gaji da yaɓen rumbunta kowace shekara. Ta sa aka ɗinka masa riga ta fatar shanu, ko ɗigon ruwa ba ya taɓa shi. Damina uku rumbu na tsaye, tana yi wa masu caɓa laka dariya. A ta huɗu ta je ɗibar hatsi, ta tarar bango ya narke a cikin rigar, gero duk ya ruɓe.

"Ita ma ƙasa numfashi take yi, maigidana," in ji Ya Falmata, don haka take tsokanata. "Rigar ce ta toshe mata hanci."

Na ce rumbu ba shi da hanci. Ta ce to, sarkin sani.

Bayan rasuwarta da shekaru, ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Damagaram, na zo hutu na ga tsofaffi kaɗai ke yaɓen, samari sun tafi ci-rani. Tausayi ya kama ni. Ni na shawo kan dattawa aka shafe masallacin da siminti, don su huta. Baba Kyari, tsohon maginin unguwa, ya ce bai yarda ba, na ce masa zamani ya canza.

Ya yi kyau kuwa, har hotuna muka ɗauka. Sai a daminar bana simintin ya ɓantare, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe kamar tuwo, bangon arewa ya zube tsakanin la'asar da magariba. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Kunya ta hana ni fita kwana biyu. Da na je, Baba Kyari bai yi mini gori ba, guduma kawai ya miƙo mini.

"Ɓare masa rigar a hankali, ɗana," ya ce. "In ya sha iska, wataƙila ya rayu."

Sai yanzu na gane amfanin wahalar da na raba su da ita. Hannun da ke shafa bango kowace shekara shi ke jin tsaga tun tana ƙarama. Bangon alƙibla muke ceto yanzu, ban sani ba ko zai kai kaka. Kullum bayan asuba nakan ɗora tafina a kansa, in ji ko ya fara bushewa.