Bango a Gaban Tagar Yaya

Mijin yayata magini ne. Mai Igiya ake ce masa, domin ko asibiti zai je dubiya, ƙullin igiyar awo yana aljihunsa. Idan ya shiga gidan mutum, kafin a gama gaisawa idonsa ya riga ya hau bango, kuma in bangon ya karkace sai ka ga fuskarsa ta yamutse kamar an taka masa ƙafa. Ni ƙanwar matarsa ce, saboda haka tsokanarsa haƙƙina ne, kuma ban taɓa yafe wannan haƙƙi ba. Nakan ce masa da bango aka ɗaura masa aure, Yaya rakiya kawai ta yi. Shi kuma ya ce da a ce ni gini ce, da tuni ya rushe ni ya faro daga tushe.

Yana da wata hanyar aiki da aka san shi da ita. Kafin ya haƙa harsashi ko ya kwaɓa siminti, sai ya ja igiya ya jera bulo a bushe daidai girman ɗakin, ya bar gurbin ƙofa, sannan ya kira mai aikin ya ce ya shiga ya tsaya a ciki. A cewarsa mutum ba ya gane ɗaki a takarda, sai ya tsaya a tsakiyarsa ya miƙa hannuwa. Mutane da yawa sun canza ra'ayi a tsaye cikin wannan jerin bulo, suka gode masa daga baya.

Gidan da suke zaune na gado ne, bene mai hawa ɗaya. Da aka yi rabo, wansa ya samu ƙasa, shi ya samu sama da wani siririn fili a gefe, tsakanin gidan da katangar wasu tsofaffin shaguna. Matakalar ta waje ce, ga ƙunci ga tsayin taki. Shi ya gina ta tun yana saurayi, lokacin da gwiwa ba ta san ciwo ba.

Ranar da Yaya ta faɗi a ɗakin girki ɓarin jikinta ya shanye, a kan kujera maza biyu suka sauko da ita, kuma haka aka sake haurawa da ita bayan an sallamo ta daga asibiti. An ƙara gwadawa sau ɗaya don ta ga likita. A kwanar matakalar kujerar ta karkace, saura ƙiris ta suɓuce musu, kuma kukan da ta yi a ranar har yanzu yana kunnena. Daga nan ta ce ba mai ƙara ɗaukar ta. An roƙi wan mijin ko zai ba su ɗaki a ƙasa, ya ce da yaransa da surukarsa ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Na so in ce ƙarya yake yi, amma na shiga na gani, gaskiya ya faɗa.

Sai aka matsar mata da gado jikin taga. Matar da a da ba ta iya wuni a gida, wadda ta san mai haihuwa da mai jinya a kowane lungu, duniyarta ta koma abin da tagar nan ke nunawa: siririn filin a ƙasa, kwanon rufin shagunan, sai titi a bayansu. Da wannan ta riƙe ranta. Ina zuwa kullum da hantsi in yi mata wanka, sai ta tare ni da labari da harshenta da ya yi nauyi.

"Auta, mai gyaran takalma bai fito ba yau. Ki biya ki tambaya ko lafiya."

Mai Igiya ne ya ɗauki alkawarin, ina wurin. Ya ce, "Uwargida, zan sauko da ke. Ɗaki ɗaya da banɗaki a filin nan, ƙofa ba dakali, a turo ki a keke har bakin titi ki gaisa da mutane."

Ba mutum ba ne mai ganganci. Ya sha ganin katafila tana cin ginin da ba izini, don haka ofishin tsara gari ya fara zuwa. Aka ce masa doka ta ce a bar tazara tsakanin kowane gini da iyakar maƙwabci, filinsa kuwa in aka cire tazarar, abin da zai rage ko gado ba zai ci ba. Amma akwai hanya. Zai iya neman sassauci a gaban kwamiti, za a turo jami'i ya duba wurin, a sanar da maƙwabta, sannan a zauna a yanke. Kafin nan kada ya fara gini.

Ya ji, ya kuma yarda. Sai dai a wajen Mai Igiya, gini daga siminti yake farawa.

Jira ya yi tsawo. Yana ta buga bulo kaɗan-kaɗan a ranakun da ba aiki, Yaya kuma ta fara tambaya wai a ina ne ɗakin zai tsaya, ina ƙofa, ina gado. Tunda ba za ta iya saukowa ta tsaya a ciki ba, sai ya ja igiya ya jera mata daga ƙasa tana kallo daga sama. Ita ce ta sa ya juya ƙofar ta kalli titi. Daga nan duk bulon da ya bushe, maimakon ya tara shi a gefe, sai ya ɗora a kan layin. Jeri ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, har ya bar gurbin taga. Ko cokali ɗaya na siminti babu a ciki, yaro ma zai iya ture shi. Amma daga sama ɗaki ne sosai, kuma na ga Yaya tana cin abinci da kyau a watannin nan.

Da jami'in ya zo, Mai Igiya ya karɓe shi yadda yake karɓar duk wanda zai yi wa aiki.

"Shigo ka tsaya a ciki, ranka ya daɗe. Miƙa hannunka ka ji."

Jami'in ya shiga, ya miƙa hannu, ya fito da waya ya ɗauki hotuna ta kowace kusurwa. Ya tambaya wa ya yi aikin, aka ce masa mai gidan ne da hannunsa. Ya ce aiki ya yi kyau, ya tafi. Mai Igiya ya hauro yana fara'a, wai yaron yana da ido.

Ni na raka shi ranar zaman kwamiti. Wani dogon ɗaki ne mai kujerun roba, da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. Kafin a zo kanmu aka kira wani ɗan kasuwa, ashe shi ya sayi tsofaffin shagunan da ke jikin filinmu. Ya zo da lauya da injiniya da wani zane mai faɗin tabarma. So yake ya rushe su ya tayar da bene mai hawa uku, kuma shi ma sassauci yake nema, ginin ya zo har kan iyaka ba tazara. Shugaban kwamitin ya tambaya ko akwai maƙwabcin da bai yarda ba.

Na zunguri Mai Igiya har sai da gwiwar hannuna ta yi zafi. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yadda nake nema, shi ma nema yake. In na hana shi, da wane baki zan roƙa?"

Babu wanda ya ɗaga hannu. Aka ba ɗan kasuwar sassaucin.

Sannan aka kira mu, aka zagaya da hotunan. Shugaban dattijo ne mai tabarau, kuma ba zan ɗora masa mugunta ba, domin na ga ya karanta bayanin ciwon Yaya ya girgiza kai. Ya dubi hoton, ya dubi Mai Igiya, ya ce, "Malam, wannan ai bulo ne ka tara kafin a ba ka izini, ko ba haka ba?"

Kowa a ɗakin ya gane abin da dattijon yake yi, har masinjan da ke bakin ƙofa. Mai Igiya kaɗai ne bai gane ba, ko kuwa ya gane ya kasa.

"Ranka ya daɗe, ba tari ba ne. Ni ba na jibge bulo haka kawai. Ɗakin ke nan, ga ƙofa nan, ga taga."

Na miƙe na ce ai babu siminti, a tura mutum ya ture da ƙafa ya gani. Aka ce in zauna. Wata mata a cikin 'yan kwamitin ta ce doka ba ta ambaci siminti ba, bango ne a tsaye a kan layin da ake neman izini, kuma mai shi ya amsa da bakinsa. Wanda ya fara gini kafin izini, buƙatarsa ta faɗi. Ya kwashe, in shekara ta zagayo ya sake nema. Dattijon ya cire tabarau ya murza ido, aka kira na gaba.

A hanya ban raga masa ba. Na ce tsoho ya buɗe maka ƙofa ka tsaya kana auna ta. Na ce kalma ɗaya aka nema a bakinka, tari, ka ƙi faɗa saboda kada a ce Mai Igiya bai iya jeri ba. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Watanni tana kallonsa tana ce masa ɗakina. In tsaya a gaban mutane in ce tari ne?" Duk da haka haushinsa bai bar ni ba.

Ya kwashe bulon da kansa. Na so in sauke labule, Yaya ta hana, ta kalla har sai da ya naɗe igiyar.

Ba a jima ba katafila ta zo ta share shagunan. Na ɗan lokaci tagar ta buɗe fiye da da, Yaya tana ganin titi gaba ɗaya har tsallake, da masu jiran mota da 'yan makaranta. Sai ɗan kwangilar sabon ginin ya zo da buƙata biyu. Tunda bangon a kan iyaka zai tsaya, dole a kafa katakon da magina ke hawa a cikin filinmu. Kuma yana neman magini mai hannu. Aiki ya yi ƙaranci a lokacin, magani kuwa ba ya jira. Mai Igiya ya karɓa, har bulonsa ya sayar musu tunda ba shi da inda zai ajiye.

Na ce masa, "Yanzu kai da hannunka za ka rufe mata taga?"

"Ko na ƙi, wani zai gina, Auta. Kuma zai karkace."

Abin da ban taɓa zato ba, kwanakin da bangon ya kawo daidai tagar su ne mafi daɗi da suka yi tun da ta kwanta. Yana tsaye a kan katako, tana kishingiɗe a gado, tsakaninsu bai fi miƙa hannu ba. Ina ba shi ruwa ta taga. Suna hira yana aiki, tana yi masa tsiya wai tun da aka yi aurensu bai taɓa wuni kusa da ita haka ba, yana cewa ai yanzu ya samu shugabar aiki mai sa ido. Leburori suna ta dariya. Ni nakan shige ɗakin girki, don ba na iya kallo.

Titin ne ya fara ɓacewa. Washegari allunan shagunan tsallake suka bi, sannan kan bishiyar da ke bakin hanya. Da ya rage sai ɗan sararin sama, ya ɗauki bulo ya tsaya riƙe da shi, siminti yana bushewa a cokalinsa.

Yaya ta ce, "Ɗora mana, Malam. Ka dai daidaita shi da kyau, tunda shi zan riƙa kallo."

Ya ɗora, ya ja igiya, ya ƙwanƙwasa gefen da ya ɗan fito.

Da shekara ta zagayo ya koma ofishin. Aka ce masa yanzu da benen ya zo kan iyaka, siririn filin nan shi kaɗai ne hanyar iska da hanyar tsira in gobara ta tashi, ba za a bar ko bulo ɗaya a cikinsa ba. A wannan karon ko gaban kwamiti ba a kai shi ba.

Ɗan kwangilar bai yi wa bayan ginin filasta ba, ya ce ba mai ganinsa. Kafin a kwance katakon, Mai Igiya ya sayo siminti da kansa, ya hau ranar hutu ya shafe daidai inda tagar ke kallo, ya goge shi sumul, ya shafa farin fenti ko ɗan haske zai dawo ɗakin. Yana dawowa kaɗan, amma da tsakar rana ma sai an kunna fitila.

Har yanzu yana fita aiki, igiyar tana aljihunsa, sai dai na ji an ce ya daina jera wa mutane bulo a bushe. Ni ma na daina tsokanarsa, ba don na huce ba, bakin ne ba ya buɗuwa. Yaya tana nan a sama. Yanzu ni ke kawo mata labarin titi, wa ya fito, wa ya tashi, wa ya rasu. Jiya ina taje mata kai na ga ta ƙura wa farin bangon ido, har na ɗauka barci ne ya ɗauke ta ido buɗe. Sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna.

"Duba, Auta. Ko kaɗan bai karkace ba."