Iri Tara da Ba Su Sha Ruwan Zafi Ba

Shekarata ta huɗu a Greensboro, nan ƙasar Turawa, na taras da iri tara a aljihun tsohon kwat ɗina, baƙaƙe masu sheƙi, ba su kai ƙwayar dawa ba. Irin icen akasiya ne na gonar yayana, can kudu da Maraɗi. A lokacin yayan ya riga ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da gonar, wanda ya saya kuma ya sare itacen kaf. Waɗannan taran su suka rage.

Ba icen ƙasarmu ba ne, Turawan wani furoje na aikin gona suka kawo shi daga Ostareliya. Na yi shekara shida a lambun renon itacensu ina ɗura ƙasa a leda. Lakwal, wato boko, a aji huɗu na tsaya, amma wannan icen na san shi. Ba ya tsayi sosai, ba ya da ƙaya, awaki ba su damu da ganyensa ba. Yana tare iska, yana ba da makamashi. Da bazara, sa'ad da rumbu ya koma fanko, sannan yake zuba 'ya'ya. Mata su soya, su niƙa, a gauraya kaɗan da garin gero. Shekarar da fara ta cinye hatsi, wannan tuwon ya riƙe gidan yayana.

Ni kuwa ga ni a Sedgefield ina ba ciyawar filin golf ruwa safe da yamma, ciyawar da ko jaki ba a bari ya ci.

Sanyin garin nan kashe akasiya zai yi, na sani. Shi ya sa da na haɗu da wani ɗalibi ɗan Kano a shagon kayan abincinmu na High Point Road, aka ce digirin noma yake yi kuma suna da ɗakin gilashi mai ɗumi a makaranta, na ɗauki irin na ba shi. Duka tara. Wautata ke nan.

Na ce, "Malam, ka tafasa ruwa ka zuba musu, su kwana a ciki. In ba haka ba, ba za su tsiro ba."

Ya yi dariya. "Baba, shuka za mu yi ko ɗanwake?"

"Bawonsu ne ke da tauri. Sai zafi ya fasa shi."

"Kada ka damu, Baba. Muna da sistem."

Wata biyu ina tare shi bayan sallar Juma'a. Kullum sai ya ce tukuna. Ran da ya gaji da ni ya ce, "Gaskiya irin nan ya mutu. Ya tsufa."

"Ka zuba ruwan zafin?"

Ya sosa ƙeya. Wai inji ke fesa musu ruwa sau uku a rana, ba abin da suka rasa.

Ban yi faɗa ba, don har lokacin da sauran dama. Irin akasiya yakan yi shekaru cikin ƙasa yana jira, ba abin da ya same shi. Na ce ya kawo mini ƙasar yadda take, ni zan tankaɗe ta da rariyar matata in tsince su.

"Ayya, Baba. Ai an share teburin da na shuka su a kai tun wancan sati. Wani ke buƙatar wurin."

"Aka kai ina?"

"Shara mana."

Da ransu aka zubar da su. Na faɗa masa haka, ya ce in yi haƙuri, zai duba mini wani a intanet. Wani! Ko ya samo buhu guda, ba daga gonar yayana ya fito ba.

Yanzu Dakta ake ce masa. In mun haɗu a masallaci yakan rusuna ya ce, "Baba mai ruwan zafi, ina gajiya?" Mutane su yi dariya. Nakan amsa, don gaisuwa ce. Kwat ɗin kuwa na farke shafinsa da reza, na bi kowane ɗinki da yatsa ko wani iri ya maƙale. Ba ko ɗaya.