Ranar da Koci Sa'idu ya tsaya ban ruwa

Har gobe ba zan manta da wata Laraba ta ranin 2004 ba, ranar da Malam Sa'idu Koci ya ƙi zuwa wasan da ya shekara goma sha bakwai yana jira. Ku sababbin malamai labarinsa kawai kuka tarar, ni kuwa na yi aiki a ƙarƙashinsa.

Lokacin ina sabon ɗauka a wata sakandaren gwamnati tsakanin Kura da Bunkure, aka ba ni mataimakin malamin wasanni. Sunan ne babba, aikin dai rubuta sunayen 'yan wasa ne da bai wa ƙwallo iska. Shi Koci dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, amma in ya busa usur har malamai sai sun gyara tsayuwa. A shekarar muka kai wasan ƙarshe na gasar makarantun shiyya, karo na farko tun kafa makarantar. Za a buga a Madobi bayan la'asar.

Golanmu Habu ne, ɗan aji shida, ba mu da wani mai kama kamarsa. Ana gobe wasa bai zo atisaye ba. Koci ya goya ni a babur muka je gidansu, muka tarar da mahaifinsa, Malam Iro, a kwance, an yi masa ɗori a ƙafa. Ya ce gobe ranar ruwansu ce.

Ga wanda bai san noman rani ba, ruwan kanal ba kullum ake sakar wa kowa ba. Kowane layin gonaki da ranarsa, in ta wuce sai wani mako. Tumatirin Malam Iro ya fara fure, in ya rasa ruwa furen zai zube, noman shekara ya tafi. Ɗan ƙwadago kuma ba ya samuwa ranar, kowa na kan tasa gonar. Ruwan kan iso layinsu da azahar, ba a gamawa sai magariba. Malam Iro ya ce in Habu ya bar gona ya tafi ƙwallo, to ya gama boko ke nan, ko jarrabawar fita ba zai zauna ba.

Ni da rawar kai na fara yi masa bayanin darajar kofi. Koci ya taka mini ƙafa.

"Malam Iro," in ji shi, "ruwa kake so tumatir ya sha, ko lallai sai hannun Habu?"

Ya ce ruwa yake so.

"To ara mini yaron gobe. Ni zan yi ban ruwan."

A hanya na ce gara ni in tsaya, shi ya tafi da yara. Ya tambaye ni ko na taɓa zuƙo ruwa daga kwatar kanal zuwa gona da bututun roba. Ni ɗan birni, ko riƙe shi ban taɓa yi ba. Ya yi dariya ya ce ba zai haɗa Malam Iro da karaya biyu ba. Da safe ya rubuta mini jerin 'yan wasa, ya faɗa wa yara abin da za su yi, ya naɗe wando ya nufi gona.

Mun ci ɗaya da nema. Habu ya kama fenariti ana saura minti kaɗan a tashi. Da aka miƙa mana kofi, yaran suka ce wa direba ba makaranta za a kai su ba, gonar Malam Iro za su.

Mun isa rana ta kusa faɗuwa. Ga Koci can tsakiyar gona, taɓo har gwiwa, riƙe da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya. Yara suka kwasa da gudu suna ihu, kofi a sama. Ya ɗaga hannu ɗaya, duk suka tsaya cak a kan kunya.

"Kada wanda ya taka mini shuka. Saura fangali uku."

Muka tsaya muna kallonsa har ruwa ya cika na ƙarshe. Sannan ya wanke hannu a kwata, ya karɓi kofin ya juya shi, ya tambayi Habu yadda ya kama. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa jin kwarjinin mutum kamar na wannan yammacin ba.

Ƙa'idar aiki ita ce malamin da ya ƙi halartar aikin hukuma a ba shi takardar tuhuma, ya amsa cikin kwana biyu. Shugaban makaranta ya ba shi, yana jin nauyi. Amsar Koci layi ɗaya ce: yara aka ba shi amana, kuma ranar ɗaya daga cikinsu ya fi bukatarsa a gona. Aka sa takardar a fayil, ba a sake tayar da maganar ba.

Habu ya zauna jarrabawa, yanzu shi ma malami ne. Makarantar ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba har Allah ya yi wa Koci rasuwa a 2009. Allah ya jiƙansa. Kofi ɗaya ya ci a rayuwarsa, kuma bai ga yadda aka ci shi ba.

Abin da na koya shi nake faɗa muku: yaron da ke gabanka a fili daga wani gida ya fito, da damuwar gidan a kansa. In ba za ka iya shiga taɓo dominsa ba, ajiye usur ɗin.