Ranar da Ɗana Bai Waiwayo Ba

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba zan manta da wata Asabar da muka yi a ƙauyen su mijina ba, can wajen Droum, inda gidaje ke laɓe a gindin duwatsu. Lokacin ɗanmu na fari ya doshi shekara uku, amma bai fara magana ba. A unguwarmu ta Zango kowa cewa yake nauyin baki ne, zai buɗe. Wasu kuma su ce miskilanci ya gado wajen ubansa, don sai ka gaji da kiransa bai ko dube ka ba. Ni ma haka na ɗauka.

Mun saba, in babansa ya samu hutun biro, wato ofis, mukan tafi ƙauyen ran Asabar da safe mu dawo Lahadi. A ranar damina ta zo ƙarshe, gero ya nuna. Kakarsa ta tarye mu tana kiransa angonta, ta gasa masa tumu, ta murje masa a tafin hannu. Daga nan muka hau wani faffaɗan dutse a bayan gari, muka shimfiɗa tabarma a inuwa. Ruwan sama ya kwanta a ramukan dutsen, yaro ya yi ta facaka a ciki, yana bin ƙadangaru yana ƙyalƙyala dariya.

Da la'asar muka sauko. Hanyar matsattsiya ce kuma gangara, dutse dama da hagu. Ya zame hannunsa daga nawa, ya yi gaba yana bin wani ɗan akuya. Ba mu ankara ba sai muka ji rugugi a bayanmu. Wani sa ne ya firgita, ya kayar da mai shi, ya taho a guje da amalanke. Na manne da dutse ina kwarara wa yaron kira. Matan da ke dawowa daga rijiya suka sa ihu, har karnukan gari suka ɗauki haushi. Ɗan akuyar ma ya tsere. Ɗana kuwa yana tsugune a tsakiyar hanya yana tsintar tsakuwa, bai waiwayo ba.

Babansa ne ya sheƙa, ya sure shi, suka faɗa cikin ƙaya a gefen hanya, amalanken ya wuce ta inda yake tsugune. Uban ya tashi hannu duk jini, yaron kuma dariya yake yi, a zatonsa wasa ne.

Jama'a na ta yi mana barka, ni kuwa hankalina na kan yadda bai waiwayo ba. Da muka isa gida na ɗauki kwano da cokali, na zagaya bayansa, na buga da ƙarfina daf da kunnensa. Kaji suka watse. Shi ko gezau. Na dubi surukata na ce, "Inna, yaron nan ba ya ji." Sai kuka ya ƙwace mini.

Ba ta musa mini ba, ba ta kuma ce zai warke ba. Ta jawo ni jikinta ta ce, "'Yata, share hawayenki. Fuskarki yake kallo, a nan yake jin duk abin da kike faɗa masa." Na ɗago, na ga ya ajiye wasansa ya zuba mini ido, bakinsa na rawa. Dole na yi masa murmushi, sannan ya saki ransa.

Ran Litinin muka kai shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce kunne ɗaya ba ya aiki, ɗayan akwai ɗan saura, aka sa masa na'ura. Yau yana lakwal, wato makarantar boko. Maganarsa ba ta fita sosai, amma da baki da hannu sai ya cika mana gida da hira.

Tun ranar na daina saurin yanke wa mutum hukunci in na yi magana ya ƙyale ni. Nakan matsa kusa tukuna, in dubi fuskarsa, in tabbata maganar ta isa gare shi.