Akwatin da Tartsatsi Ya Ƙera

Tartsatsi mai walda bai taɓa fasa abu da niyya ba, in ji shi. Hannunsa ne ke riga shi. Kafin ya gama jin haushi kofi ya isa bango, ko kujera ta rasa ƙafa, ko wani ya dafe baki yana tofar da jini. Sunan ma ba daga sana'ar ya samo shi ba, ko da yake kowa haka yake zato. Tun yana saurayi abokai suka liƙa masa shi, ranar da ya zubar wa wani mai faci haƙora a kan maganar da daga baya babu wanda ya iya tuna ta.

Aiki kam ba a magana. Ƙofar da ya ƙera, ɓarawo kan tsaya ya dube ta ya ƙara gaba. Masu kawo aiki daga bakin rumfa suke tsayawa su faɗi abin da suke so, don an san ba a gaya masa magana sau biyu. Wani ɗan kwangila da ya ce tagarsa ta karkace, tagar ce ta raka shi har bakin titi, yana gudu tana binsa a iska. Maƙwabtan rumfar sun daɗe suna ba da labarin nan suna dariya.

A gida babu mai dariya. Ɗaki uku ne da falo a saman bene, kuma duk inda ka duba akwai aikin maigidan. Ƙofar banɗaki na da rami daidai gwiwa. Farantan cin abinci duk sun koma na roba. Matarsa ta yi haƙurin da ya fi ƙarfin mutum, har ranar da dutsen guga ya same ta a kafaɗa da zafinsa. Ba ta kira kowa ba, ta ɗaure kayanta da hannu ɗaya ta tafi. Babban ɗansa ya ɗan ƙara zama, sai wata safiya ya rama. Uba da ɗa suka yi ta kokawa a falo har tebur ya rabe biyu, ɗan ya fita da karyayyen hanci, bai sake hawa benen ba. Saura Auta.

Duk duniya babu abin da Tartsatsi yake so kamar Auta. Ta girma, tana aiki a wani shagon buga takardu, kuma ita kaɗai ce bai taɓa ɗora wa hannu ba. Da kanta ta harhaɗa kwamfutarta, wannan wata ta sayi wani abu, wata mai zuwa ta sayi wani, ta jera su a akwati mai gefen gilashi, ana hango fankoki na juyawa cikin fitilu ja da shuɗi. Da ta dawo aiki sai ta shiga wasan harbe-harbe ita da abokanta da ba ta taɓa gani ido da ido ba. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofarta, bai fahimci komai ba, amma yana taya ta yaƙi.

"Ga shi can bayan mota! Harbe ɗan banza!"

"Baba, namu ne."

"To ki harbe shi duk da haka, tsayuwarsa ba ta yi mini ba."

Wata rana da yamma ya dawo ransa a ɓace, wani ya fasa aiki bayan an yanka ƙarfe. Yana shiga falo wayar wuta da ta ratsa zuwa ɗakinta ta harɗe masa ƙafa, ya zube a kan gwiwa. Daidai lokacin Auta ta kwashe da dariya, ita da abokan wasanta, ba ta ma san ya shigo ba. Idonsa ya rufe. Ya faɗa ɗakin, ya sa takalmin aiki mai ƙarfe a baki ya hauri akwatin. Gilashin ya tarwatse ko'ina, wani ɓalli ya tsaga mata ƙauri, jini ya gangaro har cikin silifas ɗinta.

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta duba kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago.

"Ka gama, Baba?"

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Kayan ciki ba su mutu ba. Amma ka ji ni da kyau. Ranar da ka sake ɗaga hannu a gidan nan, ko a kaina ko a kan cokali, zan bi Umma. Kuma ba zan waiwayo ba."

Mutumin da bai taɓa tsoron wuƙa ba, ranar ya ji tsoro. Shi ya share gilashin, shi ya kawo auduga. Washegari ya ce ta shirya su je ya saya mata sabon akwati.

Mai shagon kwamfuta wani siriri ne mai tabarau, ya sauko musu da akwatuna ya jera a kan kanta.

"Ka ga, Baba, katin da ke sarrafa hoto a injinta dogo ne, ba kowane akwati zai ɗauke shi ba. Wannan zai ɗauka. Kuma dubi gabansa, raga ce. Fankoki na jawo iska ta gaba, ɗaya na fitar da ita ta baya. Injin wasa zafi yake yi kamar murhu, in bai sha iska ba..."

Tartsatsi ba ya ji. Ya ɗora babban yatsa a gefen akwatin ya danna, ƙarfen ya lotsa.

"Wannan gwangwanin madarar kake kira akwati?"

"Baba, a hankali, na sayarwa ne."

Ya jawo na kusa da shi. "Gilashi kuma! Ku masu yin abin nan ba ku da hankali ne? Ƙafa ɗaya ta gama da shi."

Mai shagon ya yi 'yar dariya. "Ai ba dambe ake yi da shi ba, Baba. Ajiye shi ake yi."

Bai rufe baki ba ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa. Tartsatsi ya shaƙo wuyan rigarsa ta saman kanta, tabarau ya faɗi, akwatuna biyu suka bi shi ƙasa. Ɗaya hannun ya riga ya dunƙule ya koma baya.

"Baba," in ji Auta.

Hannun ya tsaya a sama. "Nan ba gida ba ne," ya ce, bai dube ta ba. Amma ya saki mutumin. Ya biya kuɗin akwatin da ya lotsa, ya saɓa shi a hammata, suka fito mutane na darewa. Sai da suka tsallaka titi ya yi magana.

"Duk babu na kirki a ciki. Ni zan ƙera miki wanda ko ni ba zan iya fasa shi ba."

Ka ji mutum. An ce ya gyara hannunsa, shi ya tafi gyaran akwati. Kuma har zuciyarsa gani yake ya samo maganin abin.

Ya ajiye aikin mutane. Ya auna lotsattsen akwatin ciki da waje, ya yanko ƙarfen da yake yin ƙofar gida da shi, ya bi kowace kusurwa da walda ta ciki da ta waje. Ya huda inda wayoyi za su fita da inda makunni zai zauna, daidai wa daida. Da ya gama ya ɗora shi a ƙasa ya sauke masa guduma da hannu biyu, har mai faci da mai wankin mota suka leƙo su ga wa ake kashewa. Akwatin ko gezau. Ya shafa masa baƙin fenti yana murmushi.

Auta ta zo rumfar da kayan kwamfutar a kwali, naɗe da tawul. Ta zagaya akwatin, ta leƙa ciki, ta shafa gabansa.

"Ya yi kyau, Baba. Amma ta ina iska za ta shiga?"

"Rami rauni ne. Duk inda ka huda ƙarfe, ta nan yake mutuwa."

"Zai yi zafi, Baba. Ko 'yan ramuka ne a gaba..."

Jijiyar goshinsa ta miƙe. Auta ta san jijiyar nan tun tana rarrafe. Ta dube ta, ta dubi gudumar da ke kan benci, ta haɗiye sauran maganar. Ta jera kayanta a ciki ta ɗaure. Shi kuma ya rufe murfin da noti, sannan ya bi kan kowane noti ya ɗiga masa walda, don kada wata rana shaiɗan ya ba shi shawarar kwancewa. Ƙarti biyu ne suka hau da shi bene suna nishi.

Makonnin da suka biyo baya, a faɗi gaskiya, Tartsatsi ya yi ƙoƙari. In abu ya taso masa sai ya cusa hannuwa a aljihu, ya ciji leɓe har ya fashe, ya fita ya tsaya a matakala. Ko cokali bai lanƙwasa ba. In ya wuce ɗakinta yakan ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, ya ji ƙarar nan mai nauyi, ransa ya yi fari. Ya ga fankar ɗakin ta juya wa Auta baya tana fuskantar akwatin, ya ga jiƙaƙƙen tawul a kansa, ya ɗauka gata ake yi wa aikinsa. Alhali injin dahuwa yake yi a ciki. Tana cikin wasa sai ya ɗauke, ta jira ya huce ta sake kunnawa, abokanta na yi mata ƙorafi. Ba ta gaya masa ba, don ba ta ga ta inda za ta fara ba tare da jijiyar nan ta tashi ba.

Ranar da ƙungiyarsu ke da gasa, da rana tsaka, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofarta. An yi nisa, suna gaba, Auta na ba da umarni da ƙarfi, shi yana ta buga cinya. Sai allon kwamfutar ya yi baƙi. Wani wari ya cika ɗakin, warin roba mai ƙonewa, hayaƙi ya fara silalowa ta ramin wayoyi. Ta yi tsalle ta fizge wayar daga bango.

"Baba, buɗe shi! Wani abu na ci a ciki!"

Ya rarumo sifana ya ɗora a kan noti. Notin da shi da kansa ya kashe da walda. Ya murɗa har sifanar ta zame ta ɓare masa fatar yatsu. Injin yankan ƙarfe yana can rumfa, a gidan babu komai sai tsohuwar guduma a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ya ɗauko ta.

"A'a, Baba, kar ka buga. Kayan ciki ba sa son girgiza. Je ka ɗauko injin, zan jira."

"Kafin in dawo ya cinye. Sau ɗaya kawai, a kusurwa. Matsa."

Bugun farko don ita ya yi shi, wannan ko a gaban wa zai rantse. Na biyu ma haka. Akwatin bai nuna ya san ana yi ba. Daga nan abin ya tashi daga ceton kaya ya koma tsakaninsa da ƙarfen da ya raina shi a gaban 'yarsa. Ya gyara tsayuwa ya dinga saukewa da hannu biyu, yana zagin akwatin, yana zagin mai shagon nan mai tabarau, yana zagin wanda ya ƙirƙiro kwamfuta. Tayil ɗin ƙasa ya tsattsage. Allon ya zamo daga tebur ya kife. Ƙotar gudumar ta karye, kan ya yi sama ya fasa taga, bai ko ɗaga ido ba. Ya koma hauri, ya koma naushi da hannu tsirara har ƙasusuwan yatsunsa suka fito farare cikin jini. Ya rungumi akwatin ya ɗaga shi iya ƙirji ya maka da ƙasa, ya sake ɗagawa ya sake makawa. A ciki kayan Auta na kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani.

Ƙarfinsa ne ya ƙare, ba fushin ba. Ya zube a kan gwiwoyi yana haki, gumi na shiga masa ido. Hayaƙin ya daina fita. Ya dubi akwatin sama da ƙasa, fenti kawai ya kankare. Wani abu mai kama da alfahari ya taso masa, don mai sana'a ba ya rasa wannan ko a bakin kabari.

"Auta, kin gani? Ko lotsawa bai yi ba."

Ya juya. Kujerarta babu kowa. Ƙofar durowar kaya a buɗe, rabin ciki wayam, jakar da take zuwa aiki da ita ba ta kan ƙusa. Ya miƙe da ƙyar ya ratsa falo, yana ɗiga jini a hanya. Ƙofar gidan a buɗe take. A kan matakala matar maƙwabcinsu na ƙasa ce tsaye, ta riƙe ƙarfen bene da hannu biyu, ta kasa hawowa ta kasa komawa.

"Ina take?"

Matar ta dubi hannuwansa, sannan ta dubi fuskarsa.

"Ta tafi tun ɗazu, Baban Auta. Ta daɗe a tsaye a nan bakin ƙofa da jakarta. Har sallama ta yi maka, ba ka ji ba."