Injin da Ke Buga Tarho da Kansa

Buhu tamanin na wake nake da su a kasuwar Baleyara, kuma ba ni da hanyar jin labarinsu sai tarhon shagona a Filinge. Mun yi da dillalina in mai saye ya taya zai bugo mini, ni in ce a sallama ko a riƙe. In bai same ni ba, ba ya sayarwa. A kasuwar farko sau shida ya bugo, layi a cike, mai saye ya tafi. Ni kuwa ina zaune gefen tarhon, bai yi ƙara ba.

Lokacin wayar hannu ba ta iso mu ba. Kwamfuta biyu na hannu na sayo a Yamai, ɗaya a shago, ɗaya a cikin gida, aka haɗa su da waya ta jikin katanga. Ta shagon ce ke shiga intanet ta layin tarho. In ka danna sai ta yi kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, kuma muddin tana ciki ba mai samunka. To, sai ta fara kukan ba wanda ya taɓa ta.

Matata na fara tuhuma.

"Alhaji, ni da ban san inda ake kunna ta ba?" in ji ta. "In aljani ka sayo, mayar musu da abinsu."

Na sa wa tarhon kwaɗo. Injin bai san da kwaɗo ba.

Na kira wani mushe, malamin makarantar da ke bayanmu. Tun safe ya zauna yana dannawa, shiru.

"Alhaji, injinka ya fi ni lafiya," ya ce. Yana sa takalmi sai ga kukan. Ya tsaya da ƙafa ɗaya.

"Mi aka kunna cikin gida?" in ji shi.

Tsohuwata ce. Da hantsi matata kan sa mata faifan karatu a kwamfutar ciki. Mushe ya ce ai shi ke nan: in an sa faifai, ta cikin tana son sanin sunansa, sai ta aiki ta shago ta tambayo.

"Ta tambayo wa?"

"Turai."

"Ba ga sunan a rubuce a jikin faifan ba?"

Ya yi dariya. Da na gaya wa tsohuwa sai ta ce, "Ni karatu nake saurare, ɗan nan, ban aiki kowa ba."

Mushe ya danna wani abu, ya ce ya hana ta shagon kira. Na yarda, don ban ga abin da ya danna ba.

Ranar kasuwa tsohuwa ta tafi suna, kwamfutar ciki a kashe. Na leƙa masallaci azahar, na dawo na tarar da ta shagon tana kan layi, ban san tun yaushe ba. Na fizge wayarta daga bango. Ban ko zauna ba tarho ya yi ƙara.

"Alhaji, ina ka shiga?" in ji dillali. "Mai sayen ya kwashi na wani. Buhu talatin suka rage masa ya saya."

Na ce a sallama.

Talatin aka sayar. Hamsin suka dawo Filinge, kafin in samu mai saye ƙwari suka ci goma sha ɗaya. Wanda injin ke kira ranar kuwa, ko mushe bai taɓa gano shi ba.