Ranar da Aka Mayar da Sukuwar Tsofaffi Kan Yashi

Tun tana amarya Dona Zulmira take suyar pastel, wato soyayyen kwaɓin fulawa mai nama a ciki, a gindin matakalar 'yan kallo a filin sukuwar garinmu, can kudancin Brazil, kuma ba ta taɓa juyawa ta kalli mijinta a kan doki ba. Kasko take kallo. In ihu ya tashi, ta san Cleto ya iso lafiya. In filin ya yi tsit, sai ta ajiye matsami, ta goge hannu a zani, ta nufi ɗakin magani ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta sha yin wannan tafiyar. Ƙashin kafaɗa, haƙarƙari, ƙugun da aka ɗaure da ƙarfe, duk ta yi jinyarsu tana zaginsa tana ba shi miya a baki.

Seu Cleto mahayin ciyawa ne. Filinmu hanya biyu gare shi, ta ciyawa daga ciki, ta yashi daga waje, kuma 'yan caca sun rabu a kansu kamar masu coci biyu a layi ɗaya. Masu yashi na cewa ciyawa ta dawakin 'ya'yan gata ce. Masu ciyawa na cewa yashi na masu amalanke ne. Shi Cleto yana da salonsa da kowa ya sani: ya lafe a baya kamar ya manta sukuwa ake, sai an zo kwanar ƙarshe ya saki linzami, ya riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya daɗe yana zuba kuɗi a kansa, yau yana fama da gyambon ciki. Mahayan da ke fita gaba tun daga farko kuwa, raina su yake yi. Gudun ɓarawon kaza yake kiran abin nasu.

Wannan laɓewar ce ta ci masa ido. Wata rana ruwa ya sauka aka mayar da sukuwa kan yashi, shi kuwa ya zauna a baya yadda ya saba. A ciyawa na baya ba ya shan komai sai ƙamshi. A jiƙaƙƙen yashi kuwa, duk abin da kofaton na gaba ya tono a fuskarka yake sauka. Tsakuwa ce ta zo cikin laka, ta fasa gilashin da ke kare masa ido, ta tafi da idon hagu. Daga nan ya sauka, ya koma barga yana zagayawa da dawakin wasu. Idon daman ma bara yanar ido ta rufe shi, aka yi aiki. Likitan ya dubi Zulmira, ba Cleto ba, don ya gane mai hankalin gidan, ya ce ban da ƙura, ban da bugu, wannan shi ne na ƙarshe.

Sai aka kawo mana sabon manaja, Seu Osvaldir, mai takalmi fari a filin da dawaki ke kashi. Mutane sun daina zuwa, kowa na cacarsa a waya yana kwance, shi kuwa an ce ya cika matakala ko ya koma inda ya fito. Babu abin da bai gwada ba. An yi tseren jakuna mahauta na kai. An yi ranar fararen dawaki zalla. An yi ta ƙattin maza suna tura matansu a baro. Har jimina ya ɗauko haya, ta ƙi gudu, ta haɗiye makullin motar fadan coci. Da dabbobi suka ƙare masa, sai ya waiwayo kan tsofaffi. Aka wayi gari hoton Cleto na lokacin baƙin gashi yana manne a kowane bango da bishiya: Sukuwar Tsofaffin Mahaya, ranar Lahadi, a kan ciyawa.

"A bango zan ji labari, tsoho?" in ji Zulmira. Cleto na zaune bakin ƙofa yana zuƙar shayin ganyensa a ƙoƙo.

"Da zan gaya miki."

"Yaushe? A makabarta?"

"Ciyawa ce, tsohuwa. Ke ma kin san ciyawa ba ta jifa. Zagaye ɗaya ne, a kan Serenata. Goɗiyar nan ko jariri ta ɗauka ba zai farka ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Tun da ya sauka daga doki bai sake aske gemu ba tare da an yi masa faɗa ba, yau ga shi fuska sumul. Ta ce, "Ciyawa. Ka ji na faɗa. In ƙafarta ta taɓa yashi, ni da kai ne."

Unguwa kuwa ta ɗauka. Mai aski, mai burodi, direbobin bas, matan da ba su san gaban doki da bayansa ba, kowa ya yanki tikiti a kan Cleto. Ana tare shi a hanya ana dafa masa kafaɗa. Zulmira na gani, ta san wannan dafawar igiya ce ake ɗaure shi da ita.

Ranar Juma'a hadari ya haɗu. Asabar aka wuni ana yayyafi. Lahadi da safe ta fito tsakar gida ta tsaya tana yi wa sama kallon da take yi wa mai kawo nama in ya cika kitse. Ta kunna wa waliyyai kyandir, ta gaya musu abin da take so dalla-dalla, ta ɗauki kayan suya ta tafi.

Al'adar filin ce tun kakanni: in ana shakkar ciyawa, mai kula da ita zai fita tsakiya ya danna dunduniyarsa. In ruwa ya taso a gurbin, a ɗaga jar tuta, duk sukuwar ciyawa ta koma yashi. Ba don mahaya ake yi ba. Ciyawa ake tausayi, ita ce mai tsada. Zulmira na juya pastel a mai, idonta na kan mutumin. Ya danna. Ya sunkuya ya duba. Bai ko ɗago ba ta san jar tuta ce.

Tutar na hawa, filin ya hargitse. Masu yashi suka hau dariya, masu ciyawa suka ruga tagar tikiti, wai a canza musu. Wanda ya riga ya yanka ya yanka. Kowa ya koma neman sunan Seu Valdomiro, tsohon mahayin yashi, abokin hamayyar Cleto tun suna samari, mutum mai baki kamar ƙofar gareji.

Ta bar kaskon a hannun Jandira mai kofi, ta tare manaja a gindin lasifika.

"Seu Osvaldir, ciyawa ka rubuta a bango."

"Ni na yi ruwan, Dona Zulmira?"

"Kai ka yi hoton. Ido ɗaya gare shi, ka sani."

"In yana so ya janye, ba wanda ya ɗaure shi. Sai in sanar." Ya nuna matakala da haɓa. Cike take maƙil, har da masu lema a kan katanga. "Ki gaya mini dai abin da zan ce musu."

Ta dubi farin takalmin nasa har sai da ya ja ƙafa baya, sannan ta wuce.

Mata ba sa shiga ɗakin mahaya. Ta shiga. Tsofaffi ne zube a benci, daga mai ɗaure gwiwa sai mai neman inda zai ajiye haƙoran roba. Valdomiro ya ja tawul ya rufe ƙirji.

"A'a, matar aboki, a yi sallama mana. Akwai tsiraici."

"Na ga kajin da aka fige sun fi ka nama, Valdomiro. Matsa."

Cleto na can ƙurya yana jera gilasan ido a kan hularsa, ɗaya bisa ɗaya. Haka ake yi ranar laka: in na sama ya rufe, ka ja shi ƙasa da yatsa, na ƙarƙashi ya fito. Gilashi ɗaya ya suɓuce masa, ya lalubo shi. Ta gani, ya san ta gani.

"Tashi mu tafi gida."

"Ba zan iya ba, tsohuwa."

"Ƙafa ce ta ƙi?"

"Kin ga mutanen da ke waje. Gobe ta wace hanya zan bi in sayi burodi?"

"Makaho ma ba ya ganin hanyar."

Ya yi shiru, ya ci gaba da jera gilasai. Ta san shirun nan. Da shi ya aure ta alhali ubanta na zaune da bindiga a cinya. Ta zauna kusa da shi, ta rage murya.

"To ji nan. Na gaba ba ya shan laka. Ana buɗe ƙofa ka fita, kada ka bar kowa a gabanka."

Ya juyo da ido mai ganin gaba ɗaya. "Ni? Gudun ɓarawon kaza? Serenata ba za ta kai ba. Rabin hanya za ta ƙare."

"Ta ƙare mana. Ka saci kazar, ka kawo mini idon gida."

"Me take ce maka, Cleto?" in ji Valdomiro daga can. "In tsoro ne, zo in goya ka."

"Cewa take in bar maka hanya, kada jikokinka su yi kuka," in ji Cleto. Bai ce mata to ba, bai ce a'a ba.

Da ta fito, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta je taga ta yanki tikiti a kan Valdomiro, ta cusa a rigarta. Ta san halin bakinta. In ta ga Cleto yana kusa da ci, zai iya cin amanarta ya yi masa ihun ya matsa. Gara ta ba bakin wani abin da zai riƙe.

Ta koma gindin kasko. Aka busa ƙaho. Ta ɗauki matsami yadda ta saba, ta ajiye, ta sake ɗauka. Jandira ta ce, "Je ki, ni zan duba miki." Sai ga Zulmira a jikin shinge, ruwa na sauka a kan ɗankwalinta, tana kallon abin da ta ƙi kallo tun tana amarya.

Ƙofa ta buɗe. Na ɗan lokaci ta ga hannunsa ya ja linzami baya, jiki ya yi abin da ya saba. Sai kuma ya kwanta a wuyan goɗiyar, ya tura ta, Serenata ta fice kamar an watsa mata ruwan zafi. Matakala ta yi wani irin gunaguni. Wani a bayanta ya ce, "Wancan Cleto ne kuwa? Ya haukace. Zai ƙone ta tun yanzu."

Ya riƙe gaba har can ɗaya gefen filin, rigarsa shuɗiya fes, na bayansa duk sun zama launin ƙasa. Amma da suka doso kwanar ƙarshe, inda a da nan yake fara aiki, goɗiyar ta fara gajarta taku. Ko Zulmira da ba ta san komai ba sai mai da fulawa ta ga haka. Baƙin dokin Valdomiro ya zo daidai cinyarsa, ya zo wuya, ya wuce. Laka ta fara tashi.

Mutanen unguwa na ta kiran sunansa, ya bi, ya bi, akwai saura. Wataƙila ma akwai. Da ya lafe a bayan baƙin ya ba goɗiyar numfashi, ya sake fitowa, wa ya sani. Zulmira ta damƙe tikitin ta cikin riga, ta cije leɓe.

Cleto ya karkatar da kai, ya ba lakar gefen mataccen idon, ya ja goɗiyar waje, can waje, har jikin shingen 'yan kallo inda babu kofaton kowa a gabansa. Sauran suka wuce ta ciki. Ya iso a bayan kowa, ban da wani tsoho da dokinsa ya tsaya shan ruwa a kududdufi.

Ba a yi tsit ba, ba a kuma yi murna ba. Tikitoci aka riƙa yayyagawa. Mai aski ya ce da ya sani da jiminar ya zuba wa kuɗi.

Ta same shi a bakin barga, ya sauko yana dafe da ƙugu. Rabin fuskarsa na hagu laka ce har kunne. Ta cire masa gilasan da kanta, ɗaya bayan ɗaya. Idon dama a rufe yake gam.

"Buɗe."

Ya buɗe a hankali. Ja ne, yana ruwa.

"Wane ɗankwali ne a kaina?"

Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. "Mummunan nan da ƙanwarki ta ba ki. Mai aku."

Sai a lokacin ta zauna a kan buhun dusa.

Valdomiro ya wuce da kofin nasara a hannu, yana tofar da yashi. "Cleto, ashe kai ma ka iya satar kaza?"

"Na koya a wurinka, amma ban gaje ka ba."

An yi makonni unguwa ba ta dafa masa kafaɗa. Burodin ma Zulmira ce take zuwa saye, kuma duk wanda ya buɗe baki a layi ta rufe masa. Tikitin Valdomiro kuwa ta karɓi abin da ya ci ta saya wa Cleto sabon tabarau mai duhu, ba ta gaya masa daga inda ya fito ba. Har yanzu yana zagayawa da dawaki a barga, sanye da shi ko da hadari. In an ɗaga jar tuta yakan tsaya ya kalle ta, ya ce da goɗiyar ta samu ciyawa ranar nan, da an ga abu. Zulmira takan ce eh, da an gani, ta jefa wani pastel a mai.